FSX na korata da cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika, alhali yanzu na ƙara RAM

Malamin Jogarafi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na zo da ƙoƙon bara wajen waɗanda suka san kan kwamfuta, don ni dai nawa ɗan sanin ya ƙare.

Ni malamin sakandare ne a Zariya, jogarafi nake koyarwa, kuma gidanmu ba nisa da Palladan. Wanda ya san garin ya san abin da hakan ke nufi: tun hantsi ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ke shawagi a kanmu. Yarona na biyu, mai shekara 13, ko tuwo yake ci in ya ji ƙararsu sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai. Ya ce shi matuƙi zai zama. Kuɗin wannan karatu ba na mai alli ba ne, kowa ya sani, amma na ce ko ba komai ya fara sanin agogunan da ke gaban matuƙi. Wani abokin aikina ya bar min fayafayan DVD guda biyu na Microsoft Flight Simulator X (FSX), wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama da ya fito a 2006, da lambar rajistarsa. Na sayi sandar tuƙi ta hannu, na ɗora wasan a kwamfutar tebur da nake haɗa sakamakon jarrabawa da ita.

Kwamfutar 'yar gwanjo ce. Core 2 Duo E8400 mai gudun 3.0GHz, katin hoto GeForce 9500 GT mai mega 512, Windows 7 da mai shagon ya ɗora min. Da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 2 ta zo.

Wata uku muna lafiya. Yaro na tashi da ƙaramin jirgi Cessna 172 daga Kano ya sauka Kaduna, ni kuma, tunda gaskiya ɗaya ce, bayan isha'i in ya yi barci nake karɓar sandar. Har na fi shi zama.

Rigimar ta faro ne da na shiga kwaɗayi. Na sauko da filin jirgin Jidda na kyauta da wani ya zana da kyau, da sabon fentin jirgin 747, da wani kunshi da ke cika filaye da jiragen kamfanoni suna tashi suna sauka. Wata Asabar na ce za mu yi hanyar alhazai sak, daga Kano zuwa Jidda, ba gudun lokaci. Babu wuta, na tada janareta. Muka ratsa ta kan tafkin Chadi ina nuna wa yaro a taswira, muka keta Sudan, kusan awa biyar. Muna hango Bahar Maliya mun fara gangarowa sai na ga gine-gine suna zama baƙi, wani ɓangaren fiffike ya ɓace, sai ga saƙo a tsakiyar allo: "Your computer has run out of available memory." Wasa ya rufe kansa. Uwargida ta leƙo ta ce to alhazai, an ƙone mai, ba Makka ba Madina.

Tun daga ranar, in na zaɓi farawa daga Jidda kai tsaye da 747, lodin na tafiya har ya wuce kashi 80 sannan saƙon ya fito. Cessna a Kano kuwa lafiya lau.

Na je wajen mai gyara ya ce RAM ne ya yi kaɗan. Na ƙara giga 2 da kuɗin da na ware wa takin zamani. Ba abin da ya canza, ko kashi ɗaya lodin bai ƙara ba. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, kwamfutar na nuna giga 4.00 amma wai 3.25 ne ke amfani. Ina sauran ya shiga? Sannan tun da aka saka sabon, sau biyu allon ya yi shuɗi ya mutu, sau ɗaya ma ba wasa nake ba, Excel nake ciki.

Shin in ƙara wani RAM ɗin ne, ko kwamfutar ce ta gaji? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Ɗan Autan Mama:

Wa alaikumus salam Baba. Ka shiga saitin Windows wajen da ake ƙara ƙwaƙwalwar aro daga faifan ajiya, ka kai ta giga 10 ko 12. Ni haka na yi wa tawa da wasan ƙwallo ke tsayawa, ta warke. In bai yi ba ka kai RAM ɗin giga 8. Amma gaskiya Baba wannan kwamfuta ta ga jiya ta ga yau, ta girmi yaron naka ma. A yi mata ritaya kawai.

Mai Sukundireba:

Malam, kar ka sake sayen RAM ko na sisi tukuna. Ƙanena na sama, ka yi haƙuri, maganin naka na wata cuta ce daban. Shekaruna da yawa ina gyara a Kano, kuma ni ma wannan wasan ya cinye min dare ba adadi, don haka na san saƙon nan kamar yunwar cikina.

Kalmar da ke cikin saƙon ce ke yaudarar mutane. Ba RAM wasan ke kuka a kai ba. FSX manhaja ce mai bit 32, kuma duk manhaja irin wannan lambobin da take iya yi wa wuraren ajiyarta alama da su sun tsaya a 4,294,967,296, wato giga 4 cif. Wannan iyakar ba ruwanta da abin da ka soka a cikin akwatin. Ɗauki yarinya mai tallar gyaɗa: ko uwarta ta gina rumbu na biyu ta cika, abin da faranti ya ɗauka shi zai je kasuwa. Kai rumbu ka ƙara, farantin na nan yadda yake.

Kuma naka farantin ma rabi ne. Wannan 3.25 da ka gani shi ya tona asirin: Windows ɗinka mai bit 32 ne. Shi ma giga 4 ɗin yake iya ƙirgawa, kuma dole ya ware wa katin hoto da sauran kayan cikin akwatin nasu lambobin daga ciki, shi ya sa wani ɓangaren RAM ɗin da ka biya kuɗi yake kwance ba mai taɓa shi. A irin wannan Windows, kowace manhaja giga 2 ake ba ta, sauran 2 ɗin na tsarin kansa ne. To a cikin giga 2 nan ake so a cusa 747 da ɗakin matuƙinsa, da filin Jidda, da garin, da gajimare, da ruwan teku, da kowane jirgi da kunshin nan naka ya ajiye a bakin ƙofa.

Bari in ba ka lissafi, tunda malami ne. Hoton fentin da wasan ya zo da shi yawanci ba ya wuce 1024 sau 1024. Masu zana na kyauta da yawa suna yin 4096 sau 4096, don rubutun jikin jirgi ya fito tar. Wannan ba ninki 4 ba ne, ninki 16 ne. In ba a matse shi ba, na farko mega 4 ne, na biyu mega 64. Hoto ɗaya ke nan, jirgi kuwa yana da su da dama. Ƙara da cewa a yanayin DirectX 9, tsarin zana hoto da wasan ke gudu a kai, hotunan da aka tura wa katin hoto suna cin wuri a farantin nan ma.

Abin da ya sa ya kashe ku a ƙarshen tafiya kuwa, FSX ba ya sakin duk abin da ya ɗauka a hanya. Yana saki, amma ba duka ba, kuma wurin da ya saka a warwatse yake. Kamar bas ce da ke da kujeru biyar babu kowa, ɗaya nan ɗaya can, sai ga mai buhu yana neman uku a jere. Wuri akwai, amma ba zai shiga ba. Shi ya sa wasan kan mutu tun da sauran mega 200 ko 300 a lissafi. Baƙin gine-ginen da ka gani alamar ya fara kasa samun kujera ke nan.

Ga abin da za ka fara yi. Buɗe wasan, ka shiga Help, ka danna About, ka karanta lambar. In ka ga 10.0.60905 to yadda ya fito daga faifai yake, ba a taɓa yi masa gyara ba. 61355 shi ne SP1, 61472 SP2, 61637 kuma Acceleration. SP1 da SP2 kunshin gyara ne daga Microsoft, Acceleration kuma ƙari ne a kan wasan, ukun nan a 2007 suka fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin daga SP2 ne aka yi wa wasan alamar cewa zai iya karɓar fiye da giga 2. In ba shi, duk dabarar da zan faɗa a ƙasa aikin banza ce. SP1 ake fara sakawa, a buɗe wasan sau ɗaya a rufe, sannan SP2. Mai Acceleration ba ya buƙatar SP2, yana ciki.

Bayan nan hanya biyu ce. Ta gaggawa: ka buɗe cmd, baƙin allon da ake rubuta wa Windows umarni, da ikon mai gudanarwa ka rubuta

bcdedit /set increaseuserva 2560

ka kashe kwamfutar ka kunna. Wannan ya matsa katangar, manhaja ta samu giga 2 da rabi, tsarin ya koma 1 da rabi. Za ka ga wasu na cewa a sa 3072. Ni ba na so, don in ka matse tsarin da yawa direban katin hoto ne ke fara bore. In ka ga wani abu ya rikice, ka rubuta

bcdedit /deletevalue increaseuserva

komai ya koma yadda yake.

Ta gaskiya kuwa ita ce Windows mai bit 64. E8400 na ɗauka, kar wani ya ce maka ba ta yi, tsohuwar Core Duo marar lamba 2 ce ba ta yi. A can FSX mai SP2 zai samu giga 4 ɗinsa cikakku, kuma RAM ɗin da ka saya zai fito duka. Sai dai ba a hawa daga 32 zuwa 64 a kan tsohon, sai an goge an ɗora sabo. Ka kwashe sakamakon ɗalibanka a filashi biyu kafin kowa ya taɓa ta, kuma ka adana lambar rajistar wasan don zai sake nema.

Ko wacce ka bi, sai ka rage kaya. Jiragen da ke yawo da kansu ka sauke su zuwa kashi 15 ko 20, motocin kan titi da jiragen ruwa ka kashe, ba abin da suke koya wa yaro. Bishiyoyi da gidajen da wasan ke shukawa da kansa ka bar su a tsaka-tsaki. Ruwa a Low 2.x. A Scenery Library ka cire alamar duk filin da ba za ka bi ta kansa ba ranar. Sannan ka rubuta %APPDATA%\Microsoft\FSX a wajen bincike, ka kwafi fsx.cfg, fayil ɗin saitin wasan, ka ajiye gefe, ka buɗe shi da Notepad, ka tabbata TEXTURE_MAX_LOAD na kan 1024. Za ka ji ana ta zancen HIGHMEMFIX=1 da ake sawa a ƙarƙashin sashen GRAPHICS. Ka sa, yana taimakawa wajen ɓacewar sassan jirgi, amma sunan ne ya fi aikin girma, ba ya faɗaɗa faranti.

Ƙwaƙwalwar aron da ƙanena ya ambata kuma ka bar Windows ya riƙa daidaita ta da kansa. Kashe ta gaba ɗaya na jawo matsala, kai ta giga 12 kuma ba ya ƙara wa FSX ko mega ɗaya.

In kana so ka gani da idonka, sauko da Process Explorer, kyauta ne kuma ƙarami. Ka ƙara layin Virtual Size ka sa ido a kan fsx.exe lokacin lodin Jidda. Za ka ga lambar na hawa har ta doshi giga 2, nan saƙon zai fito.

Maman Ikram:

Malam, sannu da fama. Duk abin da Mai Sukundireba ya faɗa haka yake, amma ya tsallake abin da ya fi damuna a bayaninka. Ka ce allon ya yi shuɗi har kana cikin Excel. Cikar farantin FSX ba ta kashe Windows, wasan kaɗai take rufewa. Shuɗin allo bayan an saka sabon RAM, ni a wajen aikina sabon nake fara tuhuma. Ina kula da ɗakin kwamfutocin wata makaranta, irin naka ne guda talatin da 'yan kai, kuma duk hunturu sai mun yi wannan rawar.

Ka cire filogi daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki. Zare RAM ɗin duka. Haƙoran zinaren nan ka goge su da kilinar fensir a hankali, ka hure ramin, ka mayar har sai ka ji kunnuwan gefe sun ce ƙas. Ka duba takardar da ke manne a jikinsu ma. DDR2 akwai mai 667 akwai mai 800, in an gauraya duka za su koma gudun na ƙasa, yawanci ba komai, amma wani allon uwa ba ya son haɗin gambiza.

Sai gwaji. Windows 7 na da nasa, rubuta mdsched ka bari ta sake kunnuwa. Na fi yarda da Memtest86+ da ake tayarwa daga filashi. Ka bar shi ya zagaya aƙalla sau biyu, kuma ɗaya bayan ɗaya za ka gwada su don ka san mai laifin. Jan layi ko ɗaya ne, wannan RAM ɗin ya koma inda ya fito. Kar ka ɗora sabon Windows a kan RAM mai ciwo, fayilolin za su lalace tun wajen ɗorawa, ka zo kana neman aljanin da babu.

Tunda ka buɗe akwatin, fankar kan furosesa da ta katin hoto ma a kakkaɓe. FSX furosesa yake ci fiye da komai, awa biyar a zafin bazara da ƙura a maƙale ba wasa ba ne.

Bamaradi:

Ina yi wa kowa sallama daga Maraɗi. Malam, ni shawarata ta talaka ce. Injina bai kai naka ba, kuma na bar FSX na koma wanda ya gabace shi, mai suna Flight Simulator 2004. Ƙasa ba ta kai kyau ba, amma agogunan su ne, VOR mai nuna hanya shi ne, ILS mai jagorar sauka shi ne. Ina tashi daga Yamai in sauka Zinder ba tare da gardama ba. In don yaro ya koyi karatun agogo ne, ya wadatar.

In kuma FSX ɗin kake so, ga dabarar masu doguwar tafiya. Kafin ka fara gangarowa, kamar saura mil 150, ka adana tafiyar, ka rufe wasan gaba ɗaya, ka sake buɗewa ka loda daga inda ka tsaya. Duk tarkacen da ya kwaso tun daga Kano ya zube, ka shiga Jidda da faranti wankakke. Minti biyar ne, ya fi asarar man janareta.

Wasu za su ce ka sayi na Steam, kasuwar wasanni ta intanet, da ya fito a ƙarshen 2014. An gyara abubuwa a ciki kuma SP2 na haɗe, amma shi ma bit 32 ne, kuma Steam ta daina aiki da Windows 7 tun farkon 2024. Masu bit 64 na gaske, irin Prepar3D daga na 4 da ya fito a 2017, sun fi ƙarfin katin hotonka nesa.

Malamin Jogarafi:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya biya ku.

Na fara da na Hajiya Maman Ikram tunda shi ya fi ba ni tsoro. Ƙurar da na tarar a fankar nan, in an shuka gero zai fito. Tsohon RAM ɗin ya zagaya sau biyu ba ja. Sabon kuwa ko minti goma bai yi ba allon ya cika da jan layi. Na goge, na canza masa rami, duk ɗaya. Na mayar wa mai shi, aka ɗan yi ka-ce-na-ce, daga ƙarshe ya canza min da wani, wannan ya wuce gwajin. Kwana tara ke nan ban ga shuɗin allo ba.

Lambar wasan kuwa 60905 na gani. Ashe duk wata ukun nan a kan ɗanyen faifai muke. Na je inda ake samun intanet mai ƙarfi na sauko da SP1 da SP2, yanzu 61472 yake nunawa, kuma lodi ma ya fi sauri ba kaɗan ba. Kafin in taɓa komai na gwada Process Explorer don in ga abin da Mai Sukundireba ya ce. Wallahi kamar yana tsaye a bayana: lambar ta hau har wajen giga 1.9, saƙo ya fito. Na kira yaron na nuna masa, na ce ga farantin mai talla. Bai gane ba sai da na zana masa a takarda.

Na sa 2560 ɗin. Hannuna na rawa na rubuta, don ban taɓa shiga wannan baƙin allon ba. Na sauke jiragen yawo zuwa kashi 15, na cire fentin nan mai nauyi na koma na asali. Yanzu Jidda na buɗewa, lambar na tsayawa wajen giga 2.1.

Asabar da ta wuce muka sake ɗaukar hanya. Na bi dabarar ɗan'uwana na Maraɗi, muna dab da gaɓar teku ta wajen Port Sudan na adana na rufe na buɗe. Yaron ne ya yi saukar. Ya buga jirgin da ƙasa ya yi tsalle sau biyu, da da alhazai a ciki da an ji salati, amma dai ya tsaya a kan titi. Uwargida ta ce saura tsaraba.

Tambayata ta ƙarshe ga Mai Sukundireba. Windows mai bit 64 ɗin, in bari sai an yi hutun zango na gama da sakamakon yara, ko akwai hatsari a barin 2560 ɗin nan na wata biyu? Kuma sandar tuƙin tawa tsohuwa ce, ba ni da faifanta. Za ta yi aiki a can?

Mai Sukundireba:

Ba hatsari Malam, bar shi har hutu. In dai ba ka ga hoto na yayyagewa ko kwamfutar na ƙin ganin filashi ba, tsarin bai matsu ba. Sandar kuma in ta USB ce, Windows zai gane ta da kansa ba sai da faifai ba. In mai faffaɗan kan nan ce mai haƙora 15 da ake sokawa a katin sauti, ita ce ba za ta bi ka ba. Leƙa bayan akwatin ka faɗa min wacce ce. Kuma kafin a goge, ka sauko da direban katin intanet da na GeForce ɗin masu bit 64 ka ajiye a filashi, don na sha ganin wanda ya gama ɗora sabon Windows sannan ya tarar ba shi da hanyar shiga intanet ya nemo su.